Baƙar Ƙanƙara: Yadda Ake Gano Santsin Titi Tun Kafin Mota Ta Zame

Da asubahin ranar 11 ga Fabrairun 2021, wajen ƙarfe shida, motoci kusan 130 suka yi ta afka wa juna a kan babban titin I-35W da ya ratsa birnin Fort Worth a jihar Teksas ta Amurka. Ƙananan motoci da tireloli, duk wanda ya iso wurin sai ya taka birki, birki ya ƙi ci. Mutum 6 suka rasu, da dama suka jikkata. Irin haka ta faru a Koriya ta Kudu ranar 14 ga Disambar 2019, a babban titin da ya haɗa Sangju da Yeongcheon, inda mutum 7 suka rasa rayukansu. A duka wuraren biyu abin da ya haddasa haɗarin ɗaya ne: wata siririyar ƙanƙara da ta shimfiɗu a kan kwalta, wadda direba ba ya iya gani sai mota ta riga ta kwace masa.

Idan kana Kano ko Maraɗi kana karanta wannan, wataƙila ka ce wannan ai matsalar mutanen ƙasashen sanyi ce. Haka ne. Amma duba yawan 'yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a Ingila da Kanada da Amurka da Jamus, waɗanda suka koyi tuƙi a titin da bai taɓa daskarewa ba, yanzu kuma suke fita aiki tun duhun asuba a watan Janairu. Sannan ilimin da ke cikin lamarin, za ka ga ka riga ka san rabinsa daga raɓar da ke sauka a kan rufin mota da safiyar hunturu.

Wace ce baƙar ƙanƙara?

Mu fara gyara kalma. A Hausa ƙanƙara na nufin wadda ke faɗowa daga sama kamar tsakuwa lokacin damina, tana kuma nufin wadda ke cikin firji. Dusar ƙanƙara ita ce farar nan mai laushi da kake gani a fina-finai. Wadda muke magana a kai daban take: ruwa ne da ya daskare a kan fuskar titi, siriri, garai-garai kamar gilashi. Kaurinta sau da yawa bai wuce na 'yan takardu ba. Ana ce mata baƙa ne saboda baƙin kwaltar da ke ƙarƙashinta ake hangowa. Ga idon direba, titin ya yi kama da busasshe, ko kuma wanda aka ɗan yi wa yayyafi.

Me ya sa take kisa haka? Mota ba ta tsayawa don birki kaɗai. Birki yana rage juyin taya, amma abin da ke tsayar da mota shi ne damƙar da taya ke yi wa titi. Masana suna auna wannan damƙa da lamba. A busasshiyar kwalta takan kai wajen 0.7 ko sama da haka. A kan ƙanƙara mai santsi tana iya faɗowa zuwa 0.1.

Ga abin da hakan ke nufi a aikace. A ce kana gudun kilomita 80 a awa, wato kana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. A busasshen titi, daga lokacin da birki ya kama zuwa tsayawa, za ka ci wajen mita 36. A kan ƙanƙara mai damƙar 0.1, lissafin nan ɗaya zai ba ka wajen mita 250, fiye da tsawon filin ƙwallo biyu. Ba a ma sa lokacin da za ka ɗauka kafin ƙafarka ta kai birki ba. Shi ya sa littafin dokokin hanya na Birtaniya yake gargaɗin direbobi cewa tazarar tsayawa kan ƙanƙara tana iya ninka ta busasshen titi har sau goma. Idan ka taɓa jin yadda babur ke zamewa a ruwan farko na damina, lokacin da ƙura da mai suka kwaɓe a kan kwalta, to ka ɗanɗana kaɗan daga ciki.

Titi yana da nasa sanyin daban da na iska

Ga wurin da mutane da yawa ke ruɗewa. Wayarka ta ce sanyi digiri 3 ne a ma'aunin Salshiyas, ruwa kuma sai a sifili yake daskarewa, to ina ƙanƙara za ta fito? Amsar ita ce, masu hasashen yanayi suna auna iska ne a tsayin mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga ƙasa, cikin akwati mai inuwa. Fuskar titi kuwa tana iya fin iskar sanyi da digiri da dama.

Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da zafinsa a matsayin wani haske da ido ba ya gani, wanda ake kira infirared. Da rana titi yana karɓar zafi daga rana fiye da wanda yake fitarwa. Da dare kuwa fitarwa kawai yake yi. Idan akwai gajimare, sai su zama kamar bargo, su mayar da wani ɓangare na zafin ƙasa. Idan sama ta washe tas, zafin ya tafi kenan. Idan kuma babu iska mai kaɗawa da za ta gauraya sanyin ƙasa da ɗumin sama, sai fuskar titi ta yi ta hucewa har zuwa wayewar gari. Dalilin ke nan da ya sa motocin zamani suke kunna alamar dusar ƙanƙara a gaban direba tun iska na digiri 3 ko 4.

Raɓar da kake tararwa a kan rufin mota da safe daga nan take. Ƙarfen ya huce ya fi iska sanyi, sai laimar da ke cikin iska ta taru a kansa ta zama ɗigon ruwa, kamar yadda kwalbar lemo mai sanyi ke gumi. Matakin sanyin da laima ke fara zama ruwa shi ne za mu kira matakin raɓa, kuma ka riƙe shi, don duk hasashen ƙanƙarar titi a kansa yake tsaye.

Ƙanƙara tana hawa titi ta hanyoyi kamar huɗu. Ta farko, a yi ruwa da yamma, cikin dare sama ta washe, jiƙaƙƙen titi ya daskare. Ta biyu, ko ɗigo ba a yi ba, amma titi ya sauka ƙasa da sifili kuma ƙasa da matakin raɓa, sai laimar iska ko hazo mai danshi su daskare a kansa kai tsaye. Ta uku, dusar ƙanƙarar da aka ture gefen hanya ta narke da rana, ruwan ya gangaro kan titi, dare ya yi ya sake daskarewa. Ta huɗu ita ce mafi muni: ruwan sama mai daskarewa. A nan akwai iska mai ɗumi a can sama, ga kuma iska mai tsananin sanyi kwance a ƙasa. Ɗigon yana faɗowa a matsayin ruwa, ya ratsa sanyin har ya sauka ƙasa da sifili bai daskare ba, amma yana taɓa titi sai ya zama gilashi. Irin wannan ruwan ne ya durƙusar da birnin Montreal da gabashin Kanada a Janairun 1998, shi ne kuma ya sauka a Fort Worth.

Wurare ma ba ɗaya suke ba. Titin da ke kan ƙasa yana samun ɗan ɗumi daga ƙasar da ke ƙarƙashinsa, wadda ta adana zafi. Gada ba ta da wannan gata: iska mai sanyi tana bugun ta sama da ƙasa, don haka ita ke fara daskarewa. A Amurka har alluna ake kafawa ana tuna wa direbobi haka. Kwari ma wuri ne na haɗari, domin iska mai sanyi ta fi nauyi, tana gangarawa ta kwanta a can kamar ruwa. Haka nan kwanar da tudu ko dogayen bishiyoyi suka tare wa rana duk yini.

Na'urorin da ke jin titi

Tunda titi yana da nasa yanayin, sai aka yi masa nasa tashoshin awo. Idan ka bi manyan titunan Finlan ko Suwidin ko Kanada, za ka riƙa ganin dogon ƙarfe a gefen hanya ɗauke da na'urori: mai auna zafin iska, mai auna laima, mai auna gudun iska, mai gane ko ana ruwa ko dusar ƙanƙara, da kamara. Duk bayan 'yan mintoci suna aika bayanai zuwa cibiyar kula da hanyoyi. Cikin manyan masu ƙera irin waɗannan kayan akwai kamfanin Vaisala na Finlan, wanda Farfesa Vilho Väisälä ya kafa a 1936, da Lufft na Jamus da Boschung na Suwizalan.

Amma ainihin aikin a jikin titin yake. Ana yanka kwalta a binne wata na'ura mai faɗin tafin hannu, a daidaita samanta da fuskar titi yadda tayoyi za su riƙa bi ta kanta. Tana auna sanyin fuskar titi. Akan binne wata a can ƙasa don sanin yawan ɗumin da ƙasa ta adana. A saman na'urar akwai 'yan ƙarafa da ake tura ɗan lantarki tsakaninsu. Busasshen titi ba ya ba lantarki hanya. Ruwa yana ba shi hanya kaɗan, ruwan gishiri kuma ya fi ba shi sosai. Daga nan ake ƙiyasta ko titin ya jiƙe, da kuma yawan gishirin da ya rage a kansa. Wannan na biyun yana da muhimmanci, domin ruwan gishiri ba ya daskarewa a sifili.

Matsalar wannan dabara ita ce sai na'urar ta san wane irin gishiri aka zuba kafin lissafinta ya yi daidai. Don haka aka ƙera wata da ba ta zato, gwaji take yi. Tana da ɗan wuri a samanta da take sanyaya shi da lantarki a hankali, har ruwan da ke kai ya daskare. Ta yaya take sanin ya daskare? Ruwa idan yana daskarewa zafi yake saki, wajen jul 334 a kowane giram. Na'urar tana jin wannan ɗan tsalle na zafi, sai ta rubuta matakin da abin ya faru, ta narkar da ƙanƙarar, ta sake gwajin. Idan ta ce ruwan da ke kan titi yana daskarewa a digiri 4 ƙasa da sifili, titin kuma yanzu yana digiri 2 ƙasa da sifili, ka ga jami'i ya san saura digiri 2 ke tsakaninsa da haɗari.

Sai kuma masu kallo daga nesa, waɗanda ba sai an fasa titi ba. Ana ɗaure su a kan ƙarfe, su haska titi da hasken infirared kala daban-daban, su auna wanda ya dawo. Ruwa da ƙanƙara da dusar ƙanƙara kowanne yana da kalar da ya fi shanyewa. Abin da idonka ke gani iri ɗaya, baƙi mai sheƙi, a idon na'urar abu biyu ne daban. Daga nan take faɗin ko ruwa ne ko ƙanƙara, da kaurinsa, har ta ƙiyasta lambar damƙa. Yanzu akwai ƙananansu da ake maƙalawa a jikin motocin sintiri da na zuba gishiri, suna awo suna tafiya.

Taswirar sanyi

Tasha tana da tsada, kuma wurin da take kaɗai ta sani. Titi mai tsawon kilomita 50 yana iya samun tasha ɗaya tak. To sauran wuraren fa?

Masu bincike a Jami'ar Birmingham ta Ingila, cikinsu har da John Thornes, sun yi aiki a kan wannan tun shekarun 1980. Dabarar ita ce a ɗaura wa mota ma'aunin zafi na infirared mai kallon ƙasa, a bi titin gab da asuba, lokacin da ya fi sanyi, ana rubuta awo duk bayan 'yan mitoci. A maimaita a dare iri-iri: daren da sama ta washe babu iska, daren gajimare da iska, da na tsaka-tsaki. Abin da aka gano shi ne, a dare iri ɗaya tsarin yana maimaita kansa. Wurin da ya fi sanyi a wannan makon shi ne zai fi sanyi a mako mai zuwa. A daren gajimare bambancin kaɗan ne, a daren da sama ta washe kuwa yakan kai digiri da dama a kan hanya ɗaya.

Babban abin da ke jawo bambancin shi ne yawan sararin samaniyar da titin ke gani. Titin da ke tsakanin dogayen gine-gine ɗan yanki na sama yake gani, don haka yana riƙe ɗuminsa. Titin da ke fili yana ganin sama gaba ɗaya, zafinsa ya tsere. Da wannan taswira, idan tasha ta ce nan digiri 1 ne, jami'i zai iya cewa to gadar da ke gaba ta riga ta sauka ƙasa da sifili. Taswirar ce kuma ke nuna inda ya kamata a kafa tasha tun farko.

Daga awo zuwa hasashe

Sanin cewa titi ya daskare yanzu yana da amfani, amma ya makara. Motar gishiri tana buƙatar awoyi kafin ta zagaye hanyoyinta. Abin da ake so shi ne a sani tun da rana me zai faru ƙarfe huɗu na asuba.

A nan ake amfani da lissafin kwamfuta, kuma tunaninsa kamar na littafin ɗan kasuwa ne: shiga da fita. Zafi yana shigo wa titi daga rana, daga gajimare, daga ƙasar da ke ƙarƙashi, har da ɗan abin da tayoyi da injinan motoci ke bayarwa. Yana fita ta hasken infirared, ta iskar da ke shafar titin, da kuma ta bushewar ruwa, irin dabarar da ke sa ruwan randa sanyi. Manhajar tana ɗaukar hasashen yanayi na gama-gari, wato zafin iska da laima da gajimare da iska da ruwa na awoyi masu zuwa, ta fara daga ainihin awon da tashar titi ta bayar yanzu, ta yi ta lissafin shiga da fita mataki-mataki har gobe. A gefe guda tana lissafin ruwan da ke kan titi: nawa ya sauka, nawa ya gangare, nawa ya bushe, nawa tayoyi suka fantsalar.

Hukumar yanayi ta Kanada tana da irin wannan manhaja mai suna METRo, wadda aka bayyana a 2001, daga baya aka sake ta kyauta ga duk mai so. Cibiyar nazarin yanayi ta Finlan tana da tata mai suna RoadSurf. Abin da jami'in da ke bakin aiki ke samu shi ne zane mai layuka: layin sanyin titi, layin matakin raɓa, da layin matakin daskarewa.

Mu gwada karanta shi tare. A ce ƙarfe biyu na rana ne, titi busasshe, yana digiri 6. Hasashe ya ce sama za ta washe da magariba, titi zai kai sifili ƙarfe ɗaya na dare, ya sauka zuwa digiri 2 ƙasa da sifili da asuba. Idan matakin raɓa yana can digiri 6 ƙasa da sifili, iska busasshiya ce, titin zai yi sanyi amma babu ruwan da zai daskare, ba a buƙatar gishiri. Idan kuwa matakin raɓa yana digiri 1 ƙasa da sifili, to wajen asuba layin titi zai ratsa ƙasa da shi, farin sanyi zai fara kamawa, dole motoci su fita su gama kafin lokacin. Sanyi iri ɗaya, hukunci daban.

Wahalar tana dararen da titi ke shawagi kusa da sifili. Kuskuren digiri ɗaya, wanda ba komai ba ne a hasashen yanayi na yau da kullum, a nan shi ne bambancin jiƙaƙƙen titi da gilashi. Mafi yawan kuskuren kuma daga gajimare yake zuwa: idan suka yaye awa biyu kafin lokacin da aka zata, duk lissafin ya canja. Jami'i yana tsakanin kuskure biyu. Ya zuba gishiri ƙanƙara ba ta zo ba, an yi asarar kuɗi an gurɓata ruwa. Ya ƙi zubawa ta zo, rayuka ne. Shi ya sa hukumomi da yawa suke ba da umarnin fita tun hasashe na nuna digiri 1 sama da sifili, kuma cibiyoyin yanayi suke gudanar da lissafin sau da yawa tare da 'yan canje-canje don su ga kashi nawa ne ke nuna daskarewa.

Gishiri, da iyakarsa

Gishiri yana saukar da matakin daskarewar ruwa. Ruwan teku ma sai wajen digiri 2 ƙasa da sifili yake daskarewa. A ɗakin gwaji, ruwan da gishiri ya kai kashi 23 cikin ɗari yana jurewa har digiri 21 ƙasa da sifili. A kan titi kuwa, da zarar sanyi ya wuce digiri 7 zuwa 9 ƙasa da sifili, gishirin girki ya fara kasawa, sai a koma ga wasu sinadarai irin su kalsiyam kulorayid.

Hana ƙanƙara mannewa ya fi narkar da ita sauƙi da arha, kuma nan ne hasashe ke biyan kuɗinsa. A Birtaniya, riga-kafin daren sanyi yakan ci giram 10 zuwa 20 a kowane murabba'in mita, kamar cokalin cin abinci ɗaya ke nan, amma idan dusar ƙanƙara ce yakan kai giram 40. Kaso mai yawa na gishirinsu daga mahaƙar Winsford da ke Cheshire yake fitowa. Wasu wuraren sukan jiƙa gishirin ko su fesa ruwansa, don busasshe iska da tayoyi suna watsar da shi gefe.

Akwai gadojin da ke yi wa kansu magani. A birnin Minneapolis, tsohuwar gadar da ta ƙetare kogin Mississippi kusa da gangaren ruwan St. Anthony ta yi suna da baƙar ƙanƙara, saboda laimar da ke tasowa daga ruwan. A 1999 aka saka mata bututu da bakunan feshi a cikin titin, waɗanda na'urorin awo suka riƙa kunnawa da kansu su fesa sinadari idan sanyi ya kai.

Me zai hana a yi ta zuba gishiri kullum a huta? Amurka kaɗai tana zuba wajen tan miliyan 20 a shekara. Gishirin yana cin ƙarfen motoci da na gadoji, yana ƙona tsirran gefen hanya, yana gangarawa cikin koguna da rijiyoyi, kuma ba ya ruɓewa. Hukumar kula da gurɓacewar muhalli ta Minnesota ta ce ƙaramin cokali ɗaya ya isa ya gurɓata ruwa wajen lita 19. Ga kuma batun lokaci: ka zuba da wuri, ruwan sama ya wanke shi. A Fort Worth an fesa wa titin ruwan gishiri kusan kwana biyu kafin haɗarin. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta kammala da cewa masu kula da titin ba su sa ido yadda ya kamata a kan halin da yake ciki ba lokacin da ruwan mai daskarewa ya sauka, direbobi kuma suna gudun da ya fi ƙarfin yanayin.

Motoci sun fara ba da rahoto

Kowace motar zamani tana da na'urar da ke ƙirga juyin kowace taya, don tsarin ABS da ke hana taya kullewa, da kuma tsarin da ke hana mota juyewa. Idan taya ɗaya ta yi juyin da bai dace da gudun motar ba, kwamfutar motar ta san an samu santsi. Tun 2016 kamfanin Volvo ya fara sa motocinsa a Suwidin da Norwe suna aika wannan labari ta intanet, a gargaɗi sauran motocin da ke tunkarar wurin, a 2019 kuma ya faɗaɗa shi zuwa sauran Turai. Dubban motoci suna bin inda babu tasha ko ɗaya. Raunin dabarar shi ne sai wani ya fara zamewa, kuma a hanyar ƙauye da tsakar dare, motar farko ba ta da mai gaya mata.

Masu bincike yanzu suna koya wa kwamfuta ta gane yanayin titi daga hotunan kamara, da kuma gyara kurakuran hasashe ta hanyar nazarin bayanan shekarun baya na kowace tasha. Kamara ta iya gane dusar ƙanƙara sosai, amma wajen bambance jiƙaƙƙen titi da baƙar ƙanƙara cikin dare, ita ma irin matsalar idonka take da ita. Don haka ake haɗa hotunan da awon sanyin titi da na laima. Gargaɗin kuma sai ya isa ga direba: a Finlan akwai manyan titunan da allunansu na lantarki ke rage iyakar gudu idan yanayi ya ɓaci, ban da rage gudun da ake yi a duk lokacin sanyi, inda titin kilomita 120 ke komawa 100.

Idan kai ne a bayan sitiyari

Duk waɗannan na'urori a manyan hanyoyi suka fi yawa. Layin unguwarku da wurin ajiye mota ba lalle su samu ko gishiri ba. Saboda haka ka zama tashar kanka. Idan ka fito da safe ka tarar gilashin mota ya yi farin sanyi, ɗauka titi ma haka yake. Daren da taurari suka fito tar babu iska, bayan an yi ruwa da yamma, shi ne daren tsoro. Idan titi yana sheƙi amma tayoyin motar gabanka ba sa fesa ruwa, ko ƙarar tayoyinka ta ɗauke, ko sitiyari ya yi maka sakayau a hannu, kana kan ƙanƙara.

Rage gudu tun kafin ka hau gada ko ka shiga kwana, kar ka bari sai kana kai. Buɗe tazara sosai tsakaninka da na gaba. Kashe na'urar da ke riƙe maka gudu da kanta. Idan mota ta fara zamewa, ɗage ƙafa daga totur a hankali, kar ka fizgi sitiyari, ka kalli inda kake so ka nufa ka juya can sannu-sannu. Idan tsayawa ta zama dole kuma motarka na da ABS, danna birki ka riƙe, rawar da za ka ji a ƙafa aikinsa yake yi. Ka sani kuma mota mai jan taya huɗu tana taimaka maka wajen tashi ne kawai, wajen tsayawa daidai take da kowace. Tayar sanyi, wadda robarta ba ta ƙagewa, ta fi amfani nesa ba kusa ba, kuma a lardin Quebec na Kanada doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Idan kuwa hasashe ya ce ruwa mai daskarewa na tafe, tafiyar da za ta iya jira, bar ta ta jira har motocin gishiri su wuce rana ta ɗaga.